Yini Guda A Tsibirin Gberefu

A hutun da ya wuce na ziyarci yayata da ke aure a Agege, can Ikko. Maigidanta ya ce ba zan koma Kano ba sai na ga teku, don ni iyakar ruwan da na sani shi ne na Tiga da kogin Wudil. Ran Asabar da sassafe ya ɗebe mu sai Badagry, garin da ke kusa da iyakar ƙasar Benin.

Daga bakin garin ana hango wani ɗan tsibiri, sunansa Gberefu. Da kwalekwale mai inji ake haye masa, 'yan mintoci kaɗan. Ban ɓoye muku ba, hannuna ɗaya na riƙe da mayafi, ɗaya da gefen jirgi, babu addu'ar da ban karanta ba.

Da muka sauka sai muka bi wata siririyar hanya mai rairayi, itatuwan kwakwa dama da hagu. In za ku je ku bar takalmi mai tsini a gida, ku riƙe ruwan sha. Wannan hanya ita bayi suke bi a ɗaure zuwa bakin teku, inda ake loda su a jiragen Turawa. A tsakiyarta akwai wata rijiya. Mai yi mana jagora ya ce daga cikinta ake shayar da bayin don su manta gida. Allah ne masanin gaskiyar wannan, amma dai na daɗe tsaye a bakinta.

Abin da ya tsayar da ni shi ne, shekara da shekaru ina koya wa 'yan aji shida labarin cinikin bayi kamar abin da ya sami wasu mutane can daban. Ashe har da namu. Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙen zamanin jihadi an gangaro da su kudu, an sayar, an haye da su Bahia ta ƙasar Birazil. A 1807 Hausawan can suka shirya tawaye, asiri ya tonu. A 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi, Yarbawa da Hausawa, suka tashi a birnin Salvador, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ku duba fa, mutumin da ya yi karatun allo kamar 'ya'yanmu. Kuma kada mu ɗora wa Bature shi kaɗai. Kasuwar Kurmi da muke shiga sayen turare da kwalli, a dā har mutane an sayar a cikinta.

Ƙarshen hanyar shi ake kira wurin da ba a komowa. Ba kome sai rairayi da igiyar ruwa mai rugugi kamar hadarin Agusta. 'Yar yayata mai shekara 9 ta tambaye ni ko an tafi da yara irinta. Na ce mata an tafi da su. Ta yi shiru, ta kama hannuna.

Muka zauna muka sha ruwan kwakwa, muka yi Azahar a kan rairayi, kafin La'asar mun hayo. Na ƙunso 'yar ƙasar wurin a bakin mayafina. Tana cikin kwalba a kan teburina, ran Litinin zan kai ta aji.