Gwagwarmayar Masuntan Cabo Pulmo da Magina Birnin Shaƙatawa

Gabatarwa

Cabo Pulmo wani ɗan ƙauye ne na masunta a gaɓar mashigin tekun Kalifoniya, cikin jihar Baja California Sur ta ƙasar Meksiko. Mazaunansa ba su kai ɗari biyu ba, amma kuwa su ne suka zama sanadin rushewar wani shirin gine-gine wanda gwamnatin ƙasarsu ta riga ta amince da shi. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda hakan ta auku.

Asalin Magana

Daura da ƙauyen, ƙarƙashin ruwa, akwai duwatsun murjani inda kifaye ke hayayyafa. Su iri-iri da aka daɗe ana yi a wurin ya sa kifi ya yi ƙaranci ƙwarai, har masunta kan wuni a teku su komo da abin da bai taka kara ya karya ba. Malaman kimiyya na jami'ar jihar da ke La Paz suka nuna musu irin ɓarnar da ƙugiyoyin tsai da jirage da yawan kamu suka yi wa murjanin. Daga nan mutanen gari suka yanke shawara mai ɗaci, watau su jingine sana'ar da suka gada kaka da kakanni, su roƙi gwamnati ta killace ruwan. A 1995 aka ayyana hekta 7,111 a matsayin keɓantaccen wuri. Su da kansu suka riƙa gadinsa, suka kuma koma ga sana'ar kai baƙi nutso don kallon kifi.

Mahaƙurci mawadaci. Binciken da masanan cibiyar Scripps ta Amurka suka buga a 2011 ya nuna cewa tsakanin 1999 da 2009 nauyin kifin da ke wurin ya ƙaru da fiye da kashi 460 cikin ɗari. Tun a 2005 ma hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren gadon duniya.

Shirin Cabo Cortés

Ana cikin haka, a 2008 ma'aikatar muhalli ta Meksiko ta ba wani kamfanin ƙasar Sifen mai suna Hansa Urbana izinin gina birnin shaƙatawa, Cabo Cortés, a maƙwabtan keɓantaccen wurin. Shirin ya ƙunshi ɗakunan kwana kusan 30,000, da filayen wasan golf, da matsayar jiragen ruwa 490. Damuwar mutanen ƙauye biyu ce. Ta farko, yashi da ƙazantar da aikin zai zubar za su bi igiyar ruwa su kashe murjanin. Ta biyu, yankin hamada ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake sha ba zai ɗauki irin wannan taro ba.

Yadda Aka Yi Fafutukar

Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutanen gari suka haɗa kai da malaman jami'a da lauyoyi da ƙungiyoyin kare muhalli, aka kafa gamayya mai suna Cabo Pulmo Vivo. Lauyoyi suka ƙalubalanci izinin, duk da cewa ma'aikatar ta sabunta shi a 2011 bisa wasu sharuɗɗa. Aka kai kuka ga hukumomin duniya, har wakilan UNESCO suka ziyarci wurin a watan Nuwamba na wannan shekara. Ƙungiyar Greenpeace kuma ta tara sa hannun mutum 220,000 ta miƙa wa shugaban ƙasa. Bugu da ƙari, bankin Sifen da ke ɗaure wa kamfanin gindi ya faɗa cikin matsalar kuɗi.

Ranar 15 ga Yuni, 2012, saura kwana uku a buɗe taron ƙasashen G20 a Los Cabos da ke jihar, Shugaba Felipe Calderón ya ba da sanarwar soke izinin, bisa hujjar cewa kamfanin ya kasa tabbatar da aikin ba zai cuci murjanin ba.

Kammalawa

Ko da yake matsin tattalin arziki da kunyar idon duniya sun taimaka, tushen nasarar shi ne sadaukarwar da masuntan suka yi tun 1995. Da ba su jingine komarsu ba, da babu kifin da za a ƙirga, balle a sami hujjar da za a kai gaban hukuma. Sai dai maganar ba ta ƙare nan ba, domin a 2014 wasu masu jari sun sake kawo shiri makamancinsa a kan wannan fili, mai suna Cabo Dorado. Gamayyar ta sake tashi tsaye, shi ma bai sami izini ba.