Uwa da 'Yan Jone: Zaɓen Fasalin Kayan Aikin Tsara Manhaja



Maganarmu ta yau a kan kayan aikin masu tsara manhaja ce, wato manhajar da ake rubuta wasu manhajoji da ita. Duk wanda zai ƙera irin wannan, tilas ne ya tsai da shawara tun da fari: ko dai ya dunƙule kome a gini guda, ko kuwa ya gina uwa 'yar ƙarama, ya bar mata ƙofofi inda za a riƙa jona ƙananan sassa, a kuma cire su in an ga dama. Waɗannan sassa su ne za mu kira 'yan jone.

Tun a shekarar 1972 wani malami a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, David Parnas, ya nuna cewa ba a raba manhaja bisa jerin matakan aikinta. Abin da ya fi shi ne a zauna a lissafa abubuwan da ake zaton za su sāke nan gaba, sa'an nan a killace kowane ɗaya a sashensa, yadda in ya sāke ba zai girgiza sauran ba.

Bari mu kawo maganar gida. A ce ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura za su ƙera kayan aiki don rubuta manhajojin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu. Me zai sāke? Rubutu, da farko. Mu a Nijeriya muna rubuta "'ya'ya" da waƙafi a sama, amma da an tsallaka Kwangwalam zuwa ƙasar Damagaram sai a tarar ana amfani da harafin ƴ mai lanƙwasa. Ga kuma ajami, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu, kuma har yau akwai dattijan da shi kaɗai suke karantawa. In aka dasa ƙa'idar rubutu guda a cikin uwa, ranar da ake bukatar ta biyu sai an farke ginin duka. In kuwa ɗan jone ne, sai a cire wannan a sa wancan. Ma'aikacin da ke sa hannu a kan kwangila ya kamata ya lura da nan, domin manhajar da ba ta da ƙofa kan ɗaure hukuma ga ɗan kwangila ɗaya, kowane gyara sai shi, kuma shi ke yanka farashi.

To, amma ƙofa iri-iri ce. Kamfanin IBM ya saki Eclipse a 2001, inda kusan kome ɗan jone ne, kuma dukansu suna aiki a ɗaki guda da uwar. Wannan ya ba su iko mai yawa, sai dai ɗan jone ɗaya mai nauyi yana iya tsai da aikin gaba ɗaya. Microsoft ya bi wata hanya a Visual Studio Code, wadda ta fito a 2015: 'yan jone suna zaune a wani ɗaki dabam, ba su taɓa fuskar manhaja kai tsaye, sai dai su aika saƙo ta ƙayyadaddiyar hanya, kamar yadda mai ƙara ba ya afka wa Sarki, sai ya bi ta hannun fadawa. Ikonsu ya ragu, amma in ɗaya ya maƙale marubuci na ci gaba da rubutunsa. A ganina, ga masu aiki da tsofaffin kwamfutoci irin na ofisoshinmu, wannan ta biyu ta fi dacewa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma ribar yarjejeniya guda. A 2016 aka fito da ƙa'idar da ake kira Language Server Protocol. Kafin ita, in akwai kayan rubutu 10 da harsunan kwamfuta 20, sai an yi aiki 200 kafin kowa ya dace da kowa. Da ita kuwa aiki 30 ya wadatar.

Wahalar ita ce, duk ƙofar da ka buɗe ta zama alkawari. Mozilla ta daɗe tana barin 'yan jone su shiga har ƙuryar Firefox, har ta kai ba a iya gyara uwar ba tare da karya su ba. A watan Nuwamba na 2017, da fitowar Firefox 57, aka rufe tsohuwar hanyar, 'yan jone masu ɗimbin yawa suka daina aiki, wahalar shekaru ta bi ruwa. Ga batun amana kuma, domin ɗan jone baƙo ne da ka ba makullin gida. In ba a iyakance abin da zai karanta ba, takardar albashin ma'aikata tana iya fita ta hannunsa.

Saboda haka, ga ɗaliban da muka yi misali da su, ƙofa biyu ko uku sun isa a farko: ta rubutu, ta harshen kwamfuta, da ta buga rahoto. A ba kowace lambar zubi, a rubuta sharuɗɗanta a takarda, kuma kada a buɗe ta huɗu sai an sami mutum biyu dabam-dabam da suka neme ta.