Reader's Digest: Mujallar da Ta Yi Arziki da Rage Maganar Wasu

A shekarar 1918, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɓarɓashin bam ya raunata wani sojan Amurka mai suna DeWitt Wallace a fagen daga a Faransa. Watanni ya yi kwance a asibiti, ba shi da aiki sai karanta mujallun da ake kawo wa majinyata. A nan ya lura da abin da kowane mai karatu ya sani amma bai cika faɗa ba: yawancin maƙalu sun fi abin da ke cikinsu tsawo. Sai ya riƙa bin su da fensir yana soke duk jimlar da za a iya rayuwa ba ita, ya ga ko maganar za ta tsaya da ƙafarta. Sau da yawa takan tsaya, har ma ta fi kyau.

Da ya koma gida sai ya tare a ɗakin karatu na birnin Miniyafolis yana wannan aiki, ya haɗa samfurin mujalla a 1920, ya aika wa manyan masu buga mujallu. Duk suka ƙi. Wa zai sayi abin da aka riga aka buga a wani wuri? Shi da Lila Acheson, wadda ya aura a 1921, suka yanke shawarar bugawa da kansu. Sun aika da wasiƙun neman masu saye kafin ɗaurin aure, da suka dawo daga hutun amarci suka tarar da mutum wajen 1,500 sun amsa, kowa da dala 3 kuɗin shekara. A watan Fabrairun 1922 fitowa ta farko ta bayyana daga wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a birnin Niyok: kwafi 5,000, maƙala 31, wato ɗaya ga kowace ranar wata, a ɗan ƙaramin girma da zai shiga aljihun riga. Babu talla ko ɗaya a ciki, kuma haka bugun Amurka ya zauna har 1955.

Abin da manya suka raina ya zama gagarabadau. A tsakiyar shekarun 1930 tana sayar da kwafi miliyan guda a wata. Bugun Ingila ya fito a 1938, na Sifaniyanci a 1940, na Larabci mai suna Al-Mukhtar a Alƙahira a 1943. A ganiyarta, bugun Amurka kaɗai ya haura kwafi miliyan 17. Ta kuma yi abin a yaba: a Disambar 1952 ta buga maƙalar da ta kai wa talakan Amurka labarin alaƙar taba sigari da ciwon dajin huhu, lokacin da kamfanonin taba ke cika sauran mujallu da talla. Ita ce kuma ta tallafa wa Alex Haley da kuɗi yana binciken littafinsa Roots.

Ba a rasa abin zargi ba. Da mujallar ta yi ƙarfi, sai ta shiga biyan marubuta su rubuta abin da take so, a ba wata mujalla ta fara bugawa, sannan ita ta "ɗauko" kamar tsintuwa ta yi. Wannan na cikin dalilan da suka sa editan The New Yorker, Harold Ross, ya hana ta ɗaukar kayansa a 1944. Siyasarta ta mazan jiya ce, ƙiyayyarta da kwaminisanci ba ɓoye take ba. Sannan akwai littattafan da ta fara gutsurewa tun 1950, waɗanda a ganina nan ne almakashin ya wuce gona da iri. Maƙala kan ciwon suga ana iya rage ta ba a yi asara ba, amma ƙagaggen labari in ka datse shi, muryar mai shi ka yanke.

Mu a nan, galibi gwanjonta muka sani. Wanda ya taɓa tsugunnawa gaban masu baje tsofaffin littattafai a bakin titi ya ga ta, bangon ya koɗe, wata ta girmi mai sayar da ita. Ɗalibai kan yi sauri su buɗe shafin ƙara kalmomi, wanda Wilfred Funk ya fara a 1945: a ba ka kalma da amsoshi, ka zaɓi ma'anarta. Shafi ne mai daɗi, amma ya bar wa mutane da yawa wata gurguwar fahimta, cewa iya rubutu shi ne tara manyan kalmomi. Mai mujallar da kansa ba ta wannan hanya ya ƙware ba. Wallace bai yi suna da ƙamus ba. Da sokewa ya yi.

Dalilin da ya sa sokewa ke koyar da rubutu a fili yake. Ba za ka iya rage maƙala ba sai ka gane wace jimla ce ke ɗauke da ginin, wace ce ado, wace ce kuma marubucin ya sa don kawai bai san inda ya dosa ba tukuna. Mai karatun nishaɗi yana bin labari ne ya wuce. Mai fensir a hannu dole ya tsaya a kowane sakin layi ya tambaya, me wannan ya ƙara? Wanda ya saba yi wa rubutun wasu wannan tambaya, ran da ya zauna gaban nasa ba zai iya kau da kai ba.

Ga misali daga irin Hausar da muke ji kullum a labarai: "A bisa ga dukkan alamu da ke nuni da cewa akwai yiwuwar za a iya samun saukar ruwan sama a cikin wannan mako da muke ciki." Sa mata fensir. "Da alama za a yi ruwa a makon nan." Me ya ɓace? Ba kome, sai numfashin mai karatu da aka ceto. Haka "domin ganin an tabbatar da cewa", haka "wanda ya kasance shi ne": duk inda ka gan su, gwada cire su ka ji ko jimlar za ta yi kuka. Tambayar taƙaitawa da ke cikin jarrabawar Turanci ta WAEC wannan fasahar take aunawa, sai dai yara kan ɗauke ta a matsayin azabar kwana ɗaya, su yar da ita a ƙofar zauren jarrabawa.

Kada a ce abin na Turawa ne kawai. Da Abubakar Imam zai rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936, wani Bature mai suna Rupert East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Turai. Imam bai kwafe su ba. Ya karanta, ya zaɓa, ya zubar da abin da ba zai shiga kunnen Bahaushe ba, ya sake gina sauran a bakin aku da fadar sarki, har yau mutane da yawa ba su san wasu labaran baƙi ba ne. Aikinsa ya fi na Wallace zurfi nesa ba kusa ba, amma mafarin ɗaya ne: karatu da idon mai zaɓe.

Ita dai mujallar zamani ya juya mata baya. Wallace ya rasu a 1981, Lila a 1984. Kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2009, ya sake a 2013, bugun Ingila kuma ya rufe a 2024 bayan shekara 86. Intanet ta ƙwace mata sana'ar kawo gajeren abu cikin sauri.

Mai karatu, in rubutu kake son koya, ɗauki jaridar da ke kusa da kai, ka zaɓi maƙala ɗaya da ta burge ka, ka mayar da ita rabi ba tare da ka zubar da hujja ko ɗaya ba. Karanta su biyun da ƙarfi a gaban wani, ya faɗa maka wadda ya fi ganewa. Malaman Hausa na sakandare kuma, don Allah ku ba yara wannan aiki ko da sau ɗaya ne a mako. In babu jarida a kusa, ku fara da wannan da kuke karantawa.