Kwamfuta da wayar okaziyon: Jiki garau, amma wa'adin manhaja ya ƙare

Ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, babbar manhajar da ta shafe shekara goma tana tafiyar da kwamfutocin jama'a a faɗin duniya. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Ta ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta kama kamar kullum, ta mai buga takardu a bakin kasuwar Dole ta Damagaram ita ma haka. Shi ya sa labarin ya wuce ba tare da ya tayar da ƙura a nan Nijar ba, alhali ya shafi aljihun duk wanda ke shirin sayen kwamfutar okaziyon, da duk ɗan bida da ke niyyar aiko wa ƙanensa wadda ya gama amfani da ita.

A kasuwanninmu abin da mai saye ke dubawa sananne ne: gilashi bai fashe ba, batir na riƙe caji, maɓallai na aiki, jiki bai ƙoƙe ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne shekarun da suka rage wa manhajar da ke ciki. Na'ura tana da tsufa iri biyu, na jiki da na manhaja, kuma na biyun ne ba ya bayyana a ido.

Me ake nufi da ƙarewar wa'adi?

Babbar manhaja kamar gida ce mai ƙofofi da tagogi barkatai. Kullum ɓarayin intanet na neman inda katanga ta tsage. Idan aka gano tsaga, kamfanin da ya yi manhajar sai ya aiko da faci, wanda masu gyara a nan ke kira mizajur. Microsoft na fitar da nasa facin a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Ƙarewar wa'adi na nufin magini ya tattara kayansa ya tafi. Gida na nan tsaye, amma duk tsagar da ta ɓullo daga yanzu haka za ta zauna a buɗe.

An taɓa ganin abin da hakan ke haifarwa. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da dubu 200 a ƙasashe kusan 150, ta ce sai an biya kuɗin fansa kafin a buɗe. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya masu yawa. Tun a watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da facin da ke toshe ƙofar da ta bi. Waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda ba su saka facin ba.

Bayan babbar manhaja, sauran manhajoji kan janye ɗaya bayan ɗaya. Windows 7 ta kai ƙarshen wa'adinta a Janairun 2020. Shekara uku bayan haka, a farkon 2023, Google ya daina sabunta burauzarsa ta Chrome a kanta. Burauza kuwa ita ce ƙofar da mutum ke bi ya shiga imel, ya cika takardun neman gurbin karatu ko biza, ya duba asusunsa na banki. Idan ta tsufa, wasu shafuka su ƙi buɗewa, waɗanda ke buɗewa kuma babu tabbacin tsaro.

Dalilin da ya sa abin ya fi shafar mu

Da a ce kowace kwamfuta na iya hawa Windows 11, da magana ta ƙare. To amma da Microsoft ya fitar da ita a Oktoban 2021 ya gindaya sharuɗɗa. Dole kwamfuta ta kasance da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ta kasance Intel zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. A taƙaice, galibin waɗanda aka ƙera kafin 2018 sun faɗi jarrabawa, ko da kuwa suna gudu kamar barewa.

Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi. Manyan kamfanoni da ofisoshin gwamnati a Turai da Amurka ba sa wasa da tsaro, don haka suke sauke tsofaffin su sayi sababbi. Wanda ya san hanyar kayan okaziyon ya san inda wani kaso nasu ke ƙarewa: tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Yamma, daga nan Computer Village a Legas, da kasuwannin Kano, har su iso shagunan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Irin su HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460 da Dell Latitude E7470 kwamfutoci ne masu ƙarko da aka yi domin aikin ofis, suna jure zafi da ƙura fiye da sababbi masu araha da yawa. Amma dukkansu zubi na 6 ne, ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Sayen su ba laifi ba ne. Laifin shi ne a biya kuɗinsu kamar suna da sauran dogon zango a Windows.

Ra'ayoyi sun rabu gida uku

Akwai masu ganin duk wannan dabarar ƴan kasuwa ce don a tilasta wa mutane sayen sabuwa, su kuwa za su ci gaba da Windows 10 har ta gaji. Suna da hujja: wanda aikinsa buga takarda ne kawai, ba ya shiga intanet, haɗarinsa kaɗan ne. Sai dai kile USB da ke yawo daga shagon fotokopi zuwa ɗakin ɗalibai ita ma hanya ce ta cuta. Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga ɗaiɗaikun mutane wanda a sanarwar farko aka ce zai ƙare ranar 13 ga Oktoban 2026, ko dai a biya dalar Amurka 30, abin da bai kai jika 20 na sefa ba, ko a haɗa kwamfutar da asusun Microsoft a ajiye saitunanta a can. Jinkiri ne kawai, ba magani ba.

Rukuni na biyu su ne masu cusa Windows 11 da ƙarfi a kan kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba. Hanyoyin yin haka sun bazu, kuma sau da yawa kwamfutar kan yi aiki lafiya. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan na'ura ba ta da alkawarin samun faci. A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido: ganin Windows 11 a kan gilashi ba shaida ba ce cewa kwamfutar sabon zubi ce.

Rukuni na uku su ne masu cewa a bar Windows gaba ɗaya a koma Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991, wadda kyauta ce kuma halal ne a kwafa a raba. Nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint na tafiya sumul a kan tsofaffin kwamfutoci, kuma ana sabunta manyan fitowarsu har tsawon shekara biyar. Ba wasan yara ba ne: jandarmomin Faransa sun daɗe da mayar da dubban kwamfutocinsu kan wani nau'in Ubuntu. Ɗalibin da bukatarsa rubuta memuwar, karanta PDF, kallon darasi a YouTube da shiga intanet ta Firefox ko Chrome, Linux da LibreOffice sun ishe shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajojin sana'a. Photoshop da AutoCAD da Microsoft Office na kan kwamfuta ba sa hawa Linux kai tsaye. Mai zanen katin biki ko ɗalibin gine-gine zai sha wahala. Ga kuma ƙarancin masu gyara da suka san ta, domin akasarinsu a kan Windows suka koyi aiki. Duk da haka, ga matashin da ke da kwamfuta zubi na 6 ko na 7 kuma ba shi da kuɗin canzawa, wannan ce hanyar da ta fi aminci. Ana ma iya gwada ta daga kile USB ba tare da an goge komai ba.

Waya ma tana da nata wa'adin

Mafi yawan matasanmu ba ta kwamfuta suke shiga intanet ba, ta waya ce. A cikinta hotunan iyali suke, a cikinta ake karɓar saƙon kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money, a cikinta ake ciniki da abokan hulɗa na Kano da Lome da Dubai. A fada ana iya kwana ana gardama kan kyamarar Tecno da ta Samsung, ko wane batir ya fi jure ɗaukewar wuta. Da wuya ka ji an tambayi shekara nawa kamfani ya yi alkawarin sabunta wayar.

Bambancin kuwa babba ne. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 da Galaxy S24. Wayoyi masu araha da yawa shekara biyu ko uku kacal suke samu. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a China, mai Tecno da Infinix da Itel, ya mamaye kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka ne saboda ya fahimci bukatunmu: sim biyu, babban batir, kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau, da farashin da talaka zai iya. Tsawon sabuntawa ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, don haka a duba na kowace waya daban.

Tarayyar Turai ta mayar da batun doka. Daga 20 ga Yunin 2025, duk sabuwar wayar da za a sa a kasuwarta dole ta ci gaba da samun sabuntawa aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Wannan doka ba ta kare mai saye a Tawa ko Birnin Konni, sai dai ya kare kansa da tambaya.

WhatsApp ya riga ya nuna yadda ƙarshen ke zuwa. Tun Oktoban 2023 ya daina aiki a wayar da Android ɗinta bai kai 5.0 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Wasu kan koma ga jabu irin su GB WhatsApp, wanda ba a samun sa a Play Store, ba a san wanda ke riƙe da saƙonnin da ke bi ta cikinsa ba, kuma kamfanin na rufe lambobin masu amfani da shi. An gudu ba a tsira ba.

Ga ƴan bida: kafin a ɗaure kaya

Kyautar waya ko kwamfuta daga waje alheri ne, amma akan samu wadda ke isowa gida ta zama kayan ado a kan tebur. iPhone ɗin da ba a cire asusun iCloud na tsohon mai ita ba ba ta buɗuwa, kuma wayar Android ma tana neman tsohon asusun Google idan aka goge ta ba bisa ƙa'ida ba. A fita daga asusun tun tana hannun mai ita. Wayar da aka saya bashi daga kamfanin sadarwa a Amurka ko Turai na iya zuwa a kulle, ta ƙi karɓar sim ɗin Airtel ko Moov ko Zamani, sai a nemi kamfanin ya buɗe ta kafin tafiya. Waɗanda ke Amurka su kuma sani cewa daga iPhone 14 zuwa sama, samfurin da ake sayarwa a can ba shi da ramin sim ko kaɗan.

A kwamfuta, maɓallai ma abin lura ne. Wadda ta fito daga Faransa ko Beljiyam tana zuwa da jerin AZERTY da ɗalibanmu suka saba da shi. Ta Amurka ko Najeriya QWERTY ce, babu é da è da ç a kanta. Ana iya sauya saitin, amma mai rubuta dogon aiki da Faransanci zai ji jiki kafin ya saba.

Tambayoyi kafin a ƙirga kuɗi

Ba a cinikin biri a sama. A sa mai shago ya kunna kwamfutar, a shiga Paramètres, sannan Système, sannan bayanan na'urar, a karanta lambar ƙwaƙwalwa. A i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin, wato 6, ita ce zubin. i5-8250U zubi na 8 ce, ta haye. Kada sunan i7 ya ruɗi mutum: i7 zubi na 6 ta faɗi sharaɗin da i3 zubi na 10 ta cika. A nemi mai RAM giga 8 da ma'ajiyar SSD, domin sauya tsohon faifai da SSD shi ne gyara mafi araha da ke dawo wa kwamfuta da ƙuruciyarta.

A waya kuma, a shiga À propos du téléphone a duba kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Idan ya haura shekara guda kuma wayar ta ce babu sabo, alama ce kamfani ya sallame ta.

Tsadar forfe kan sa mutane kashe sabuntawa don kada ta cinye musu mega. Gara a jira a samu wifi a makaranta ko wurin aiki a sauke ta, ko sau ɗaya a wata, da a rufe ta gaba ɗaya.

Kayan okaziyon za su ci gaba da zama ƙofar da yawancin matasan Nijar ke bi su mallaki kwamfutarsu ta farko, kuma babu abin kunya a ciki. Mai saye da ya san zubin na'ura da wa'adin manhajarta shi ke da bakin yin tayi: ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki zubi na 8, ko ya sa a rage masa farashin ta zubi na 6 ya ɗora mata Linux.