Nauyin da Ba Ya Hawa Sikeli

Duk buhun simintin da ya fito daga masana'antar Malbaza yana ɗauke da ɗan kaso na dutsen jibs, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wanda shi ke hana kwaɓin saurin daskarewa a hannun magini. Wannan dutse yana kwance cikin laka a tsaunukan Adar, kuma talakawan yankunan Madawa, Buza da Keita ne suka daɗe suna tono shi da diga da shebur, galibi bayan an kawar da amfanin gona. Mutumin ƙauyen Ibohamane da ya shiga wannan nema ba shi da takardar ɗaukar aiki, don haka asusun inshorar ma'aikata na CNSS bai san da zamansa ba. Kuɗinsa yana bin nauyin abin da ya tara, kuma daga nan matsalar take farawa.

Wanda ake biya bisa awo, kowace dakatawa asara ce gare shi. Ba zai ɓata yini yana faɗaɗa bakin rami don kada gefe ya rufto ba, ba zai raba kaya biyu ba matuƙar zai iya ciccibarsu gaba ɗaya. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu, ƙasa ta girgiza. Amma lahanin da ya fi yawa ba ya shiga rediyo: ƙugun da ya sage saboda sunkuyo da gajeriyar ƙota, wuyan matar da ta yi shekaru tana dakon dutse a ka, ƙurar da ke taruwa a ƙirji, da jiri a zafin watan Afrilu. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada kayan da ƙaton namiji zai ɗauka shi kaɗai su wuce kilo 55, mata da matasa kuwa ƙasa da haka sosai. A bakin rami wa ke duba wannan?

Za a ce kayan kariya na masu hali ne, mai neman tuwon dare ina ya ga kuɗin hular kwano. Da gaskiya a ciki, sai dai mafi yawan gyaran ba ya cin kuɗi mai yawa: doguwar ƙota, baro, ƙananan buhuna, rumfa da randar ruwa, zubar da ƙasar tono nesa da bakin rami, da hana yara sauka. Abin da yake ci shi ne lokaci, kuma lokacin nan mai saye ne ya kamata ya biya shi cikin farashi, tun daga dillali har masana'anta, domin su ke cin moriyar arahar. Masu cewa a rufe ramukan kawai su tuna cewa yunwa ba ta jin doka. Mai tono zai koma ne a ɓoye, inda babu mai ceto.

Tsara aikin ƙarfi ba baƙon abu ba ne a nan. Daga 1984, a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da Italiya ta tallafa, dubban mutane, akasarinsu mata, sun jera duwatsu sun haƙa ramukan tare ruwa rukuni-rukuni, da shugabannin aiki da lokacin tashi. Jikokinsu da ke tonon jibs za su iya haɗa ƙungiya irin wannan, su sayar da murya ɗaya, magajin gari ya yi musu rajista, likitar garin kuma ta riƙa rubuta raunukan da ake kawo mata daga rami.