Idan kwamfuta ta ƙi gane allo

Fanka tana juyawa, ƙaramar fitilar gaban akwatin kwamfuta tana ci, amma allo, wato monita, baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu da ke yawo a kansa yana cewa babu sigina. Nan take ran mai kwamfuta yake ba shi cewa wani abu mai tsada ya ƙone. Galibi kuwa cikas ɗin yana kan hanyar da ke tsakanin na'urorin biyu, kuma mutum zai iya gano shi da kansa kafin ya ɗauki akwati zuwa wurin mai gyara.

Kwamfuta ba ta da idon ganin allo. Allon ne ke sanar da kansa, kamar baƙon da ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama: in ba a ji shi ba, babu mai fitowa. A bakin wayar HDMI akwai 'yan haƙora 19, kuma aikin na ƙarshensu shi ne shaida wa kwamfuta cewa an jona wani abu. Daga nan sai ta karanta wani taƙaitaccen bayani da ke ajiye a cikin allon, mai suna EDID, wanda ƙungiyar VESA ta tsara a 1994. A ciki akwai sunan kamfanin da ya ƙera allon, da girman hoton da yake iya ɗauka. Tsohuwar wayar VGA mai shuɗin kai, wadda IBM ya fito da ita a 1987, haƙoranta 15 ne, kuma wannan bayani ta na 12 da na 15 yake bi. In ɗayansu ya lanƙwashe, hoto zai iya fitowa a miƙe ko a dishe, alhali kwamfutar ba ta san da wa take magana ba. Haska bakin wayar da tocilan waya, ka duba.

Shi kansa allon yana da maɓallin zaɓen mashiga. In an bar shi yana sauraron VGA alhali an jona HDMI, haka zai yi ta jira har gobe.

Sai a leƙa bayan akwatin, domin a nan mutane suka fi tuntuɓe, musamman bayan an yi shara ko an sauya wa kwamfuta wuri. Kwamfuta mai katin hoto na daban tana da rukunin kafofi biyu: na sama a tsaye, kusa da kafofin USB, waɗanda ke jikin madabod, da na ƙasa a kwance, waɗanda ke jikin katin. Da zarar an saka kati, yawanci na saman sukan daina ba da hoto. Wasu furosesa ma, irin na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, ba su da sashen hoto sam, don haka kafar sama ba za ta taɓa aiki da su ba. Mai da wayar ƙasa.

Batun adafta ya fi ba ni takaici, saboda kuɗin da ake asara a kansa. Kwamfutocin ofis na gwanjo da suka cika kasuwanninmu da yawansu DisplayPort ke gare su, allunan da ke hannun jama'a kuma VGA. VGA siginar analog take ɗauka, HDMI da DisplayPort kuwa ta dijital, don haka dole a sami na'urar da za ta juya siginar, kuma wannan juyi gefe guda yake tafiya. Adaftar da aka yi don ta karɓa daga HDMI ta ba VGA ba za ta yi akasin haka ba, ko da bakinta ya shiga daram. Kafin ka biya, faɗa wa mai shago ƙarara wace kafa ce a jikin kwamfuta, wace ce a jikin allo.

In allo na biyu ne ya ƙi fitowa, na farko yana aiki, to a Windows danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi faɗaɗawa ko maimaita hoto. Haɗa Windows da Ctrl da Shift da B kuma yana sake tayar da direban hoto. Za ka ji ɗan ƙara, allo ya ƙifta. In kuwa matsalar ta biyo bayan ɗauke wuta ko sauyi zuwa janareta, a kashe komai, a zare daga soket, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, sannan a mayar.

Buɗe akwati shi ne na ƙarshe. Ƙurar hunturu da girgizar hanya suna sa RAM ko katin hoto ya ɗan saki, kwamfuta ta kunnu amma ta kasa tashi, wani lokaci da ƙarar gargaɗi. A zare wuta, a taɓa ƙarfen akwatin, a ciro RAM, a share ƙurar, a danna shi har makullansa su kama. In an ari waya da allo masu lafiya an gwada, har yanzu shiru, sai a tafi wurin mai gyara, a lissafa masa duk abin da aka riga aka gwada.