Ɗaurin Yarda da Ɗaurin Tilas

In aka ɗebe ɗaurin aure da na ɗankwali, ɗauri a bakin Bahaushe abin wulakanci ne. Ɓarawo a ke ɗaurewa, da akuya mai ɓarna, da jakin da aka kai kasuwar Jega. Saboda haka sai mu yi mamaki in mun ji cewa a waɗansu ƙasashe akwai baligai masu cikakken hankali da su kan miƙa jikinsu ga abokin zamansu ya ɗaure su da igiya, da son ransu. Nufinmu a nan mu bayyana abin da masana halin ɗan Adam suka gano game da dalilansu. Hukuncin al'amarin kuwa na malaman shari'a ne.

Inda abin ya fi kafuwa shi ne Japan. A zamanin Edo, watau daga 1603 zuwa 1868, dogaran ƙasar suna da wata fasaha ta ɗaure mai laifi, ana ce da ita hojojutsu. Wani mai zane, Ito Seiu (1882–1961), ya mai da ita abin zane da ɗaukar hoto, sa'an nan mujallar Kitan Club ta birnin Osaka ta yaɗa ta cikin shekarun 1950. Yanzu ana kiranta kinbaku ko shibari, ta kuwa kai Turai da Amurka.

Da fari likitocin Turai cuta suka ɗauki irin wannan hali, kamar yadda Krafft-Ebing ya yi cikin littafinsa na 1886. Amma a 2013 Wismeijer da van Assen suka gwada masu irin waɗannan al'adu su 902 da waɗansu mutane 434 a ƙasar Holan, ba su sami alamar cewa hankalin na farkon ya fi rauni ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon jerin cututtuka, wanda ya daina lissafa abin da baligai suka yi bisa yarda, ba tare da cutarwa ba, a cikin ciwon hankali.

To, me su ke nema? Na farko, sauke nauyi. Roy Baumeister, masani Ba'amurke, ya bayyana a 1988 cewa mutum ya kan gaji da ɗaukar nauyin kansa. In aka ɗaure shi, ba sauran shawarar da zai yanke, tunanin jiya da gobe ya gushe, hankalinsa ya tattaru ga numfashinsa.

Na biyu, amana. Wanda ya taɓa kai mai karaya wurin maɗoran Aliero ya san yadda babban mutum kan saki jikinsa a riƙe shi, a ja ƙashin, a ɗaure, domin ya amince da hannun da ke kansa. Na uku, jimiri. Saurayin Bafillace a fagen shaɗi ya kan tsaya da madubi a hannu, a zuba masa tsumagiya, ko gezau, ya fita yana alfahari da tabonsa. Ba mu ce ɗori da shaɗi ɗaya su ke da al'adar Japan ba, gama babu sha'awa a cikinsu. Abin da su ke nuna mana shi ne, zafin da mutum ya karɓa da kansa dabam ya ke da wanda aka ɗora masa.

Duk da haka igiya ba ta rasa haɗari. Ta kan danne jijiya har hannu ya mutu, ta kan tsai da jini. Shi ya sa masu yin abin kan ajiye almakashi kusa, su kuma shirya wata kalma wadda in wanda aka ɗaure ya faɗe ta, nan take a kwance shi.

Wannan kalma ita ce ma'aunin al'amarin duka, kuma da ita ya kamata malamai su auna ɗaurin da ke gidanmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, da yara a cikinsu, waɗansu da mari a ƙafa. Ba wanda ya nemi yardarsu, ba su kuwa da kalmar da za su faɗa a kwance su. Malamin da zai koyar da yara ya riƙa tambaya game da kowane horo: an nemi yardar mai shi, yana kuwa da ikon cewa ya isa?